Daren Alhamis a Glasgow

Mu huɗu ne a garejin kawun Struan:
ganga, jita biyu, da muryar Mhairi
mai tsaga sanyi kamar reza.
Saƙo arba'in muka tura wa manajoji.
Shiru, kamar an shuka dusa.

Euan ya ce mu daina harbin iska.
Wa ke riƙe da ƙungiyar nan
da ta fi mu da taki ɗaya kacal?
Muka juya bayan faifansu:
Elspeth Baird, da ƙananan baƙaƙe.

Na same ta a Partick
tana ƙirga tikiti, biro a baki.
Ban cusa mata faifai ba.
Sai da ta gama na ce,
muna wasa ran Alhamis.

Ta ce, mutum nawa ke zuwa,
ban da iyayenku?
Na haɗiye ƙarya. Sha tara.

Alhamis ruwa ya kece.
Ta tsaya can baya, ko kwat ba ta cire ba,
ta fice kafin waƙa ta huɗu.
Mhairi ta sha kuka a mota.

Da asuba waya ta yi ƙara:
Mai gangarku yana gaggawa.
Ku zo Litinin.
Kashi ashirin nake ɗauka,
ku karanta takardar kafin sa hannu.