Akun Baba Dalyop

Ƙarfe shida da rabi a Rayfield,
sanyi na cizon yatsu,
ina tsugune cikin fangalin karas
na ji an yi tari a bayana,
tarin nan mai hawa biyu
wanda muka binne tun watan Yuli.

Na waiwaya. Shi ne.
Yana bisa reshen fiya,
ƙato, ya kusa kai zakara,
jikinsa launin gawayin da ruwa ya daka,
sai jelar kaɗai, ja wur,
kamar garwashin da ya ƙi mutuwa.

Ban taɓa ganin mai cin abinci da natsuwarsa ba.
Ya ɗauki kwakwar manja da ƙafar hagu,
ya juya ta, ya sake juyawa
kamar mai tayin agogo a Taminus,
sannan ya kai baki.
Ɓawo na zubowa kan latas ɗina.
Ni ke sharewa. Ko sannu.

An ce daga dajin Kamaru aka kawo shi
cikin kwali, a bayan tirela,
tun maigidan na akawu a kamfanin kuza.
Ko yana tuna kurmi?
Na taɓa tambayarsa.
Ya karkata kai, ya auna ni da ido guda,
ya ce, "Wa ke nan?"

Shekara tara ina ban ruwa a gidan nan,
bai riƙe sunana ba.
Ya riƙe ƙarar ƙofar gareji,
da fiton butar shayi,
da rabin addu'ar cin abinci da Birom,
da dariyar yaran da suka girma suka tafi Legas.

Jiya da la'asar,
hadari na gangami bisa duwatsun Shere,
ya buɗe fukafukai, ya girgije,
ya ɗaga murya, muryar marigayi sak:
"Kachollom! Rufe famfo!"

Mama ta fito da mayafin ulu a kafaɗa.
Ta san mai kiran. Ta fi kowa sani.
Duk da haka ta taka har gindin katanga,
ta kama famfon da na rufe tun safe,
ta ƙara murɗa shi.
"Na rufe," ta ce,
ba ta dubi kowa ba.

Na duƙufa ina cirar ciyawa
a inda babu ciyawa.

Da ƙanƙara ta fara buga kwano
ya sauko da kansa,
baki ya kama, ƙafa ta biyo,
reshe bayan reshe, ba gaggawa,
ya hau kafaɗarta.
Suka shige ɗaki yana yi mata tari a kunne,
ta ɗaga hannu ta kare shi da mayafi.

Ni kuwa na ruga neman buhu,
kada tumatir ya lalace.