Minti Tamanin

Sabitu mai caji, na rumfar bakin tashar Jahun,
shi ya tsinto muryar a intanet.
Wani ɗan makaranta ne ya ɗauka, shekarun baya,
ranar gayya a gonar Sarkin Fawa.
Ya ce, "Baba, ba yayanka Haladu ba ne, mai gangar noma?"
Ya kunna. Na nemi benci,
ƙafafuna sun ƙi ni.

Wayata mai tocila ce.
Motata kuwa tsohuwar Golf, ba ta san memori ba,
bakinta ɗaya, siriri,
faifai kaɗai take ci.

Ya zuba mini duka a faifai guda, ɗari biyar.
Na zura mata. Ta haɗiye, ta yi gurnani,
ta yi dogon tunani,
ta tofo shi kamar yaron da aka ɗura wa maɗaci.
Na goge da gefen riga, na hura, na yi bisimilla.
Ta sake tofowa.

Sabitu ya leƙo ta taga, ya yi dariya:
"Rediyon nan ta girmi em-pi-tiri.
Sai an juya mata da yaren da ta tashi da shi.
Amma fa minti tamanin faifai ke ɗauka,
yayanka kuwa awa uku ne.
Zaɓi."

Wa ya taɓa kasa ɗan'uwansa kashi-kashi
kamar tumatir a faranti?
Na bar kirarin masu gari,
na bar inda ya wasa mai gona har ya cire hula.
Na riƙe inda ya yi tari ya nemi ruwa,
da inda ganga ta tsaya cak
ya ce, "Kai Ɗanjuma, fartanya ce, ba cokali ba!"
gayya duka ta kwashe da dariya.
A ranar na ji haushi.

Lahadi, hanyar Gujungu.
Mutum shida, buhun riɗi uku, akuya a but.
Ta karɓa.
Ganga ta cika motar har madubi na rawa.

Sai dai kowane rami, muryar ta yi tuntuɓe.
Haladu da bai taɓa in'ina ba
yau yana maimaita "gero, gero, gero"
har sai taya ta fita.
Don haka na sassauta ƙafa.

Na baya ya ce, "Direba, kasuwa za ta watse!"
Tsohuwar da ke gaba, ƙwarya a cinya,
ba ta ko juya ba.
"Bar shi," in ji ta.
"Da kiɗan nan aka nome gonar ubana."

Yanzu in rana ta take, nakan zare shi
in naɗe a hankici, in sa aljihun ƙirji.
Ya fara ƙarzuwa wajen na shida,
daidai inda yake neman ruwa.