Ragowa

A akwatin ƙarfen Baba Arzika na iske shi,
littafi mai shuɗin bango, gara ta ci kusurwa ɗaya.
Ofishin Tsare-tsare, Sakkwato,
da shekarar da ko cikina ba a yi ba.

Shafin farko layi ɗaya ne, da jan biro:
abin da ƙasa ta tara, a raba da tsadar inji,
abin da ya fito shi ne girmanta na bana.
Haka masana suka tsara bayan yaƙin duniya,
biranensu na toka,
suna neman awon da zai ce musu yaushe za su miƙe.
Lissafin ya hau jirgi ya sauka nan,
ya zauna teburin Baba, ƙarƙashin fanka mai kuka.

Ya gaskata shi.
Ya ƙirga buhunan simintin Kalambaina,
ya ƙirga jajayen fatu, ya ƙirga auduga,
ya ja layi ya haura,
har takarda ta ƙare layin bai sauko ba.

A shafi na arba'in tawada ta koma baƙa.
Wasu masanan sun zo, sun ce inji kan gaji,
na goma ba ya ba da abin da na farko ya bayar.
Suka fidda rabon jari, suka fidda rabon gumi,
sai ga kaso ya rage a faifai,
ya fi rabi, kuma babu mai shi.
Suka raɗa masa suna ragowa.
Baba ya ja layi biyu ƙarƙashin kalmar,
ya ɗora alamar tambaya mai ƙaton kai.

Inna Tumba ba ta taɓa buɗe littafin ba.
Ita ta san ranar da ake kwashe albasa daga rudu,
da hanci take ganewa.
Wata huɗu albashi ya tsaya,
ba a koro ko ɗayanmu daga makaranta ba.
Na duba shafi-shafi, babu sunanta.

Yau ni ke riƙe da alli a jami'a.
Wani yaro daga Wurno ya ɗaga hannu:
Malama, mene ne a cikin ragowar?
Na ce fasaha, na ce ilimi,
yadda za su rubuta ranar jarrabawa.

Da la'asar na tsaya gadar Kwalkwalawa.
Wata tsohuwa ta karɓe albasar da na zaɓa,
ta shinshina, ta ajiye gefe,
ta miƙo min wata.