Hamsin da Biyu

A Runjin Sambo, zafi ya hana kwana,
na buɗe kwamfutar aro, caji saura kaɗan.
Malam ya ce: gina karta, ba da almakashi ba.

Na yi gida huɗu, biyu ja, biyu baƙi,
kowane gida 'ya'ya goma sha uku.
Kati ashe abu biyu ne kawai:
gidansu da matsayinsa.
Na jera su kamar buhunan albasa,
na'ura ta fara ƙirga daga sifili,
na yi ta neman na ƙarshe har asuba.

Da la'asar na kai wa Kawu Jabbi,
mai facin taya, gwanin tabarmar gindin dogonyaro.
Na danna, ta cakuɗa, ta raba.
Sarkin baƙi ya fito. Ya sake fitowa.

“Mi kika yi, ɗiyata?
Injin naki ɓarawo na.
Wanda ya aje sarki ɗaya sau biyu
ba ya sake zama cikinmu.”

Na duba: na raba, ban cire daga tuli ba.
Layi guda na gyara, sarki ya koma ɗaya.

Sai ya zaro tasa, tsohuwa, duk baƙin mai.
Hamsin da ɗaya ce.
Ta cikon, kwalin ashana aka yanka.
Sarauniya kunnenta a lanƙwashe,
kowa ya santa ta baya, kowa ya yi shiru.

Na dawo gida ina tunani:
a wane layi zan rubuta wannan?