Tazarar Yatsa Uku

A Ulsan, a filin ƙera jiragen ruwa,
injin lanƙwasa ƙarfe ya cinye min hannun hagu.
Talata ce. Ban ji zafi ba
sai da na ga safar hannuna tana tafiya
da abin da ke cikinta.

Shekara goma sha ɗaya ina yawo da na roba,
kurma, bebe,
yana ture kofi, yana dukan ƙofa,
ya taɓa kwana a jikin tukunya mai zafi
sai ƙauri ne ya ba ni labari.

Bana Dokta Bae Gyuri ta zo da wata fata a faranti,
siririya kamar ɓawon albasa.
Ta ja ta, ta saki, ta koma yadda take.
Ta naɗa ta gaɓa-gaɓa a yatsun robar
yadda matata Mal-sun take naɗe shinkafa
a ganyen teku.

Ta ce, "Baba Noh, rufe ido."

Ba ta taɓa ni ba. Na rantse.
Amma wani motsi, tafiyar kiyashi,
ya taso a dungulmin da aka bar mini.
Na buɗe ido: tafinta na rataye a iska,
saura yatsa uku tsakaninmu.

Ta yi bayani, wai jiki na ɗauke da ɗan lantarki,
in ya matso sai fatar ta ji sauyi.
Na gyaɗa kai.
Mai walda ya san wannan tun kafin a haife ta:
ƙarfe yakan yi sallama da kunci
kafin ya ƙona.

Yanzu a motar haya ina jin kafaɗar baƙo
tun ba ta iso ba.
Jikata takan lallaɓo ta baya,
na kama ta, ta ce na yi maguɗi.

Sai dai da damina,
in laimar teku ta cika ɗaki,
fatar takan yi ƙarya.
Cikin dare kiyashin ya tashi:
ga wani nan kusa, ta hagu.
Na kunna fitila. Ba kowa.

Dokta ta ce danshi ne,
za su gyara kafin kaka.
Na ce kada su yi gaggawa.
Ban gaya mata ba,
ta hagu Mal-sun take kwanciya.