Gora Biyu a Gefen Jirgi

Ni ne Teofilo, mutumin tsibirin Samar,
inda teku yake maƙwabcin kowa
kuma ba ya sallama kafin ya shigo.

Daren da guguwar ta zo
ta ɗauke kwanon rufinmu kamar faifai a kan ƙwarya.
Bishiyar kwakwa tamanin da huɗu ubana ya bar mini;
da gari ya waye na ƙirga bakwai a tsaye,
su ma kawunansu a aske.
Remedios kuwa, matata,
sai a kwana na uku muka same ta
can bayan makaranta, cikin laka,
makullin gidan da babu shi yanzu
yana rataye a wuyanta.

Ba zan ɓoye ba: na yi gaba da Allah.
Lahadi tara ban taka ƙofar coci ba.
In aka kaɗa ƙararrawa
(tsohuwar tukunyar gas ce a reshen mangwaro,
ta ainihin tana ƙasan teku)
sai in juya baya in hau ɗinkin taru
wanda babu abin da ya same shi.
Na ce, in wannan ce ƙaunar, a kai kasuwa.

Amma Nenita, tsohuwar da ke gefenmu,
wadda ruwan ya ci mata 'ya'ya biyu da jika,
kullum rana ta faɗi
sai ta ajiye mini shinkafa a ganyen ayaba
da busasshen kifi guda, wani lokaci rabi.
Ba ta taɓa yi mini wa'azi ba.
Ran nan na kasa daurewa, na ce,
"Ke ba kya jin haushinsa?"
Ta ce, "Ina ji mana.
Kowace safiya nake faɗa masa.
Wanda ya ga Ɗansa a kafe a jikin itace
ba ya bukatar tafinta in ana kuka."

Ta kama hanyarta.
Maganar ta tsaya mini kamar ƙayar kifi,
ba ta wuce ba, ba ta fito ba.

Da asuba na tura kwalekwalen aro.
Jiragenmu sirara ne, ɗan tsako ma zai iya karkata su,
shi ya sa ake ɗaura musu gora biyu,
ɗaya hagu, ɗaya dama.
Shekara hamsin ina shiga tsakaninsu
ban taɓa yi musu kallon kirki ba.
Ranar igiyar ruwa ta ɗaga ni ta maka,
gorar hagu ta nutse ta taso,
ta dama ta nutse ta taso.
Ba su hana ni jiƙewa ba.
Ba su lallashi teku ba.
Kifewa kawai suka hana.

Nan, babu kowa sai ni da gishiri a ido,
na buɗe baki,
abin da ya fito ba addu'ar da aka koya mana ba ce:
"Yesu, ban huce ba.
Amma riƙe ni."

Lahadi ta goma na je.
Cocin babu rufi, yayyafi yana sauka a kan gurasa,
muka ci ta a jiƙe.
Nenita ta matsa mini a benci, ko kallona ba ta yi ba.

Yanzu na dasa kwakwa talatin.
Sai sun shekara bakwai su haihu,
ni kuwa sittin da uku nake;
wataƙila wani ne zai sha ruwansu.
Har yau in iska ta taɓa kwano da dare
nakan farka, zuciya tana dakan sakwara.
Sai in laluba makullin a wuyana,
in ji gora biyun nan a gefena cikin duhu,
suna nutsewa,
suna tasowa.