Keken Tanimu

Bayan Kwangila na sauka daga kwalta.
Na bar wa tireloli gurnaninsu,
na bar wa 'yan acaɓa rantse-rantsensu.
Nan hanya ta tsuke, ta koma burtali,
kofaton shanu ne ya zana ta,
ba a taɓa yanka mata kintinkiri ba.

Keken na yayana ne, Tanimu.
Shekara tara yana rataye a zaure,
gizo-gizo na naɗa masa rawani.
Jatau mai faci ya juya shi, ya ce,
"Ƙarfen da ne, Malam, sarƙa kawai yake so.
Kai ne ban san abin da kake so ba."
Likita ya sani. Sukari ya hau.
Ya ce in motsa, ko a motsa ni.

Dawa ta fid da kai, ta sunkuyo
tana shafar kafaɗata dama da hagu.
Ba ham, ba hayaƙi.
Duk ƙarar da ke nan tawa ce:
ƙiƙi-ƙaƙar feda
da hakin ɗan shekara hamsin da takwas.

Tafkin Bomo ya fito ba sallama,
kwance kamar tasar da aka manta a ciyawa.
Balbela uku, ɗaya ta noƙe ƙafa.
Wani masunci kife a kan gora
yana tura ruwa da hannu biyu.
Ya ce, "Baba, sai ina?"
Na ce, "Sai nan."
Ya yi dariya har gorar ta juya da shi.

Daga nan tudu ya fara karɓar bashinsa.
A mota ƙasar nan tabarma ce,
hau keke ka ji ƙaryar ido,
gwiwa ce ta san tudu.
Na sauka na tura, ban ji kunya ba.
Mai tallar nono ta wuce ni, ƙwarya a ka,
ta ce, "Sannu da ƙoƙari,"
ban san da wa take ba, ni ko keken.

Sai gangaren Kubanni.
Na saki birki.
Iska ta cika min riga, ta fizge hula,
ban koma neman ta ba.
Ruwan madatsa na walƙiya ta cikin dorawa,
nan take na koma ɗan shekara bakwai
zaune a kariya, na ƙanƙame ƙugunsa,
yana cewa, "Buɗe ƙafa, kada waya ta cije ka!"
Na buɗe ƙafafu, ni da furfurata,
na yi ihun da ban yi ba ran da aka kai shi.

La'asar ta same ni gindin Kufena.
Na jingine keken jikin ƙirya,
na yi alwala da ruwan da marka ta bari
a kwarmin dutse, talibambam na kallona.
Na hau har inda gwiwa ta yarda.
Ga Zariya can, kwano bayan kwano,
rimaye tsaye kamar dattawa a ƙofar gida,
titin da ke cin rabin ranata
ya koma zare,
motocin tururuwa, ko tari ba sa yi.

Na ci ƙuli biyu. Raken na duba shi,
na tuna likita, na mayar aljihu,
na sake fito da shi.

Da na sauko, ƙafar baya ta kwanta:
ƙayar bagaruwa, tsawon rabin yatsa.
Ba famfo, ba Jatau, Wusasa da sauran tafiya.
Na kama ƙahonsa muka taka,
kaina ba hula, wandona duk ƙarangiya,
ƙararrawarsa na ɗan magana ita kaɗai
duk inda muka ci karo da dutse.